Rumbun Ajiya Mai Bin Ƙa'ida a Manyan Cibiyoyin Bayanai: Fa'idodi da Illoli

Duk wanda ya fara shiga cibiyar ajiye bayanai ta babban kamfani, sanyi ne zai fara tarbarsa, sai ƙugin fankoki da ba ya yankewa dare da rana. Kantoci ne na ƙarfe a jere, kowace ta fi mutum tsawo, cike da sabobi, wato manyan kwamfutoci, ƙananan fitilu kore suna ta ƙyaftawa. Idan aka ce maka banki ko kamfanin sadarwa yana da kwamfuta dubu a wannan ɗaki, ka ƙirga ka ga ba su kai hamsin ba, ba ƙarya aka yi maka ba. Kowace saba tana goye da kwamfutoci da dama waɗanda manhaja ce ta ƙaga su. Ba su da jiki, amma suna kunnuwa, suna aiki, suna mutuwa kamar kowace kwamfuta. Su ne kwamfutocin kwaikwayo, ma'aikatan wurin kuma VM suke ce musu a taƙaice. Kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998 a Palo Alto ta jihar Kalifoniya a Amurka, shi ya yi fice wajen yaɗa wannan dabara, tun daga manhajarsa ta ESX da ta fito a 2001.

To, VM ba ta da jiki, amma tana da kaya. Faifanta wani ƙaton fayil ne, kuma dole a ajiye shi a kan faya-fayai na gaske, masu tsufa, masu lalacewa. Ina za a ajiye shi? Kwafi nawa za a yi masa? A faifai mai sauri mai tsada, ko a mai nawa mai araha? In saba ta mutu da tsakar dare, me zai same shi? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce ke raba kamfanin da ya wayi gari lafiya da wanda ya wayi gari yana ba abokan hulɗarsa haƙuri.

A da, da hannu ake amsa su. Mai kula da rumbun ajiya zai yanka rumbun yanki-yanki, ya tsara kowane yanki da irin kariyarsa, ya raɗa musu suna: wannan zinariya, wannan azurfa, wancan tagulla. Sai ya buɗe jadawalin Excel ya rubuta wane yanki ne wane. Duk VM ɗin da aka jefa cikin wani yanki sai ta gaji halinsa, ko ya dace da ita ko bai dace ba. In ana son sabon wuri, sai mai kula da sabobi ya rubuta wa mai kula da rumbu takardar buƙata, a yi kwanaki ana jira. Jadawalin kuwa yakan tsufa tun kafin wata ya ƙare, saboda wani ya matsar da VM da daddare bai rubuta ba.

Sabon tsarin ya juya abin. Maimakon ka zaɓa wa VM wuri, sai ka rubuta ƙa'ida: duk abin da ke ƙarƙashin wannan ƙa'ida dole ya jure mutuwar na'ura ɗaya, dole ya kasance a kulle da sirri, kada ya wuce kaza wajen karatu da rubutu a daƙiƙa. Ka liƙa wa VM ƙa'idar, manhaja ta nemi wurin da ya cika sharuɗɗan, ta ajiye, ta kuma ci gaba da duba ko har yanzu sharuɗɗan na cike. VMware ya fara kawo wannan a manhajarsa ta vSphere 5.0 a 2011. Da vSAN ta fito a 2014, wadda ke haɗa faya-fayan da ke cikin sabobi su zama rumbu guda, sai ƙa'idar ta zama ita ce kaɗai hanyar faɗa wa rumbun abin da ake so. A 2015 aka ƙara vVols domin manyan na'urorin ajiya na wasu kamfanoni su ma su fahimci ƙa'idar. Tunanin bai tsaya a gida ɗaya ba: Kubernetes na da abin da yake kira StorageClass, OpenStack na da nau'o'in faifai a Cinder, Microsoft ma ya sa ƙa'idojin saurin ajiya a Windows Server 2016.

Fa'idar da na fi ba muhimmanci ita ce niyya ta koma jikin kayan da kansa. A tsohon tsari, dalilin da ya sa aka ajiye wata VM a wani yanki yana cikin kan mutum ɗaya. Ranar da ya bar aiki, dalilin ya tafi da shi. Yanzu kuwa sabon ma'aikaci zai buɗe VM ya ga an rubuta abin da ake bukata gare ta, ɓaro-ɓaro. Kuma ƙa'idar tana sauka har kan faifai ɗaya-ɗaya. VM guda mai riƙe da asusun abokan hulɗa tana iya samun faifai uku: na bayanan asusun a ba shi kariya mai ƙarfi, na manhajar aiki a ba shi matsakaiciya, na tarkacen wucin gadi a ba shi mafi araha. A da sai dai a kai su yankuna uku daban, a kuma tuna.

Daga nan sai maganar kuɗi, kuma a nan lissafi ya fi surutu. Mu ɗauki tsarin vSAN na asali, da faifai mai gigabait 100. In ka ce ya jure mutuwar na'ura ɗaya ta hanyar yin kwafi biyu, zai ci gigabait 200, kuma kana bukatar aƙalla saba 3, domin ta ukun ta riƙe shaidar da ke raba gardama idan biyun suka rasa juna. In ka ce ya jure mutuwar biyu da kwafi uku, zai ci 300, da saba 5. Akwai kuma wata hanya wadda ba kwafi ake yi ba: ana rarraba bayanan, a ƙara wani lissafi da za a iya sake gina abin da ya ɓace da shi. Da RAID-5, gigabait 100 ɗin nan zai ci kusan 133 a kan saba 4, ya jure mutuwar ɗaya. Da RAID-6 zai ci 150 a kan saba 6, ya jure mutuwar biyu. Ka ɗaga lissafin zuwa terabait 100: tsakanin kwafi biyu da RAID-5 akwai ratar terabait 67 na faya-fayan da ba sai an saya ba, ba sai an ba su wuta ba, ba sai an sanyaya su ba. Wanda ya san abin da dizal ke ci a cibiyar da janareta ke riƙe da ita ba zai raina wannan ba. Sabon tsarin da ya zo da vSAN 8 a 2022 ya ɗan sauya alƙaluman, amma asalin maganar na nan: kowace VM ta ci daidai darajarta, a daina ba kwamfutar gwaji irin gatan da ake ba ta biyan albashi.

Sai sa ido. Mutum yana barci, yana tafiya hutu, yana mantuwa. Manhajar kuwa kullum tana auna kowace VM da ƙa'idarta, ta nuna ta cika ko ba ta cika ba. In faifai ya mutu murus, vSAN za ta fara sake gina kwafin da ya ɓace a wani wuri ba tare da ta jira kowa ba. In kuma saba ce ta ɓace kawai, sai ta jira minti 60, domin wataƙila kashe ta aka yi a sake kunnawa, kuma bai kamata a tayar da aikin kwashe terabait-terabait saboda abin da zai dawo nan da minti goma ba. Wannan haƙurin na awa ɗaya yana burge ni, don ya nuna waɗanda suka tsara shi sun taɓa kwana a ɗakin sabobi.

Akwai wasu fa'idodin da ba sai an tsaya a kansu ba. Ana iya sauya kariyar VM tana cikin aiki, ba a kashe ta ba. Ana iya sa wa VM mai haɗama iyaka don kada ta hana maƙwabtanta sakat. Tun daga vSphere 6.5 a 2016, kulle faifan VM da sirri ya zama sharaɗi ne da ake sawa cikin ƙa'ida, wanda ke sauƙaƙa amsa wa masu bincike. A Turai dokar GDPR ta fara aiki a 2018, a Nijeriya kuma an sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023. Idan mai bincike ya ce a nuna masa cewa bayanan mutane a kulle suke, gara a buɗe masa jeri guda da a fara lalube cikin jadawali.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙarfin da ya sa layi ɗaya ke gyara VM dubu, shi ne ke sa layi ɗaya ya jefa VM dubu cikin matsala. Na ga wannan da idona a wani kamfani da na yi wa aiki. Rumbunmu ya haura kashi 80 cikin ɗari, kuɗin sayen ƙari bai fito ba, shugaban sashe ya ce a nemo wuri ko ta halin ƙaƙa. Wani matashin injiniya, mai hazaƙa ƙwarai, ya yi lissafin da na kawo a sama, ya ga in aka koma RAID-5 za a sami sarari mai yawa. Lissafinsa daidai ne. Ranar Alhamis bayan azahar ya buɗe ƙa'idar da yawancin VM ɗinmu ke ƙarƙashinta, ya sauya layi ɗaya, manhajar ta tambaye shi ko a aiwatar yanzu ko sai daga baya, ya ce yanzu.

Kafin la'asar waya ta fara ruri. Masu aiki da manhajar lissafi suka ce shafi ba ya buɗewa. Na je na same shi ya ƙura wa allo ido, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin ɗakin.

"Injiniya, me ka taɓa?"

"Oga, wallahi layi ɗaya na canja. Amma wurin cika yake yi maimakon ya ragu."

Abin da bai sani ba shi ne, rumbun ba ya rushe tsohon gini sai ya gama sabo. Kowace VM ta zama tana riƙe da tsoffin kwafinta biyu, ga kuma sabon tsarin ana gina shi a gefe. Wuri ya matse, hanyar da ke tsakanin sabobin ta cushe da kwashe-kwashe, aikin abokan hulɗa ya koma tafiyar hawainiya. A nan muka yi magariba da isha'i, muna rage saurin kwashewar, muna kashe kwamfutocin gwaji don a sami numfashi. Ba a rasa ko fayil ɗaya ba, amma sai ranar Asabar abin ya daidaita. Laifin namu ne: manhajar ta yi abin da aka ce mata, mu ne muka bar ƙa'ida ɗaya tana riƙe da kusan komai, muka kuma bar mutum ɗaya yana iya sauya ta ba tare da wani ya duba ba. Fitowar manhajar ta baya-bayan nan ta koyi yin irin wannan aiki kashi-kashi, kuma hakan ya rage haɗarin. Bai kawar da shi ba.

Wannan ya kai mu ga illar da masu riƙe da kuɗi ba sa son ji. Tsarin yana bukatar sarari a buɗe don ya yi numfashi. Shekaru da dama shawarar VMware ita ce a bar kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na rumbun vSAN babu komai, domin gyara da sake gini. Manaja in ya ga rahoto ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka saya da dala yana zaune fanko, sai ya ga almubazzaranci, ya ƙi sa hannu kan sabon saye. Ga shi kuma ƙa'idar da ke zuwa da manhajar ba ta keɓe wa VM duk wurin da aka yi mata alkawari, sai abin da ta ci a zahiri. Hakan na ba da damar a yi alkawarin da ya fi abin da ake da shi, kamar mai adashin da ya ce wa mutum biyar kowa ɗaukarsa ce a wata guda. Muddin ba su zo tare ba, lafiya. RAID-5 ɗin da ke rage cin wuri shi ma yana da nasa farashin, don a tsarin asali kowane rubutu yana jawo ƙarin karatu da lissafi, abin da ke iya nauyaya wa VM mai yawan rubutu.

Illar da ta fi ba ni tsoro kuwa shiru take zuwa. Alamar nan kore da ke cewa VM ta cika ƙa'ida, abin da kawai take nufi shi ne VM ɗin ta dace da abin da aka rubuta. Ba ta san ko abin da aka rubuta hankali ne ko ganganci ba. Ana iya rubuta ƙa'idar da ta ce kada a yi kwafi ko ɗaya, a liƙa wa VM mai muhimmanci bisa kuskure, allo ya yi ta nuna kore har ranar da faifan ya mutu da komai a cikinsa. Haka nan ƙa'idojin da suka dogara da laƙabi: mutum ne ke liƙa wa yanki laƙabin zinariya da hannunsa, manhajar ba ta gwada shi, ta yarda ne kawai. In an liƙa wa tagulla sunan zinariya, an yi wa rogo kallon kitse ke nan, kuma allon zai tabbatar da kuskuren kullum.

Mafi muni, mutane da yawa suna ɗaukar kwafi biyu a matsayin ajiyar ko-ta-kwana. Kwafi biyu na kare ka daga mutuwar ƙarfe ne kawai. In ma'aikaci ya goge fayil, nan take ya goge a duka biyun. In masu garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa suka kulle abin da ke cikin VM, rumbun zai kwafe kullewar da aminci zuwa ɗayan. Kuma sun san inda za su nufa: a Fabrairun 2023 harin da aka sa wa suna ESXiArgs ya kulle dubban sabobi masu manhajar ESXi ta VMware, da yawansu a Faransa, ta wata kafa da aka fitar da maganinta tun shekara biyu kafin nan, masu sabobin ba su toshe ba. In kuma kwafin biyu suna gini ɗaya, abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa ƙurmus, kuma wasu abokan hulɗarsu sun rasa bayanansu saboda ajiyarsu ta ko-ta-kwana ma a harabar take. Ana iya rubuta ƙa'idar da za ta raba kwafi tsakanin kantoci daban, ko ma tsakanin cibiyoyi biyu, amma sai an riga an gina cibiya ta biyun, an kuma ja layi mai sauri tsakaninsu.

Akwai kuma yawan ƙa'idoji. Kowane sashe ya zo da bukatarsa, a rubuta masa tasa, kafin shekara biyu a sami guda sittin masu sunaye irin "sabuwa-2" da "gwaji-kar-a-goge". An gudu daga jadawalin Excel ba a tsira ba. Wasu kuma akasin haka suke yi, su bar komai a kan ƙa'idar da ta zo da manhajar, su biya kuɗin fasahar da ba su amfana da ita.

Sai maganar wanda ke riƙe da igiyar. Ƙa'idojin nan a cikin manhajar vCenter ta VMware suke zaune, da harshen kamfani ɗaya aka rubuta su, ba a ɗaukar su a kai wa wata manhaja ta karanta. Shekaru da yawa ba wanda ya damu. Sai kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware a Nuwamban 2023, kan kimanin dala biliyan 69 har da bashin da ya gada. A Disamban shekarar ya daina sayar da lasisin dindindin, ya koma na haya, ya kuma dunƙule kayayyakin cikin 'yan ƙunsoshi kaɗan. Lasisin vSAN ya koma ana auna shi da girman faya-fayan da ke cikin rumbu, ma'ana kowane ƙarin kwafi da ƙa'ida ta nema yana da hannu a kuɗin lasisi. A 2025 kuma aka sanar da cewa za a yi ritayar vVols, fasahar da aka shafe shekara goma ana kwaɗaita wa kamfanoni su gina ƙa'idojinsu a kanta. Wanda ya amsa wancan kira da gaske, yau shi ke neman hanyar kwashe kayansa.

Ga kamfanonin Nijeriya, waɗanda sabobinsu ke cibiyoyin Legas da Abuja, nauyin ya zo biyu. Da dala ake biyan lasisi da faya-fayai. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Ko da farashin bai motsa ba a can, a nan ya ninka sau uku. Akwai madadin, irin su Proxmox na ƙasar Ostiriya tare da Ceph, ko Nutanix, kuma su ma suna da nasu salon ƙa'idar. Sai dai ƙaura ba ta zuwa kyauta: dole a sake rubuta kowace ƙa'ida, a sake horar da ma'aikata, a kwashe bayanai ba tare da an tsayar da aiki ba.

Duk da haka, in aka ce in zaɓa, ba zan koma zamanin jadawali ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya koma ba. Kamfanin da ke da VM ɗari biyar ba shi da wata hanyar da zai san halin da kowace ke ciki in ba wannan ba. Wanda ke da goma sha biyar a kan saba biyu kuwa, zai iya rayuwa ba tare da ita ba, gara ya zuba kuɗinsa a ajiyar ko-ta-kwana mai kyau.

Kirana ga injiniyoyi shi ne ku taƙaita ƙa'idojinku su zama 'yan kaɗan, masu sunan da ke faɗin abin da suke yi. Kafin ku rubuta kowace, ku zauna da masu aikin ku tambaye su awa nawa za su iya jurewa in manhajarsu ta tsaya, da aikin awa nawa za su iya rasawa. Kada ku sauya ƙa'idar da ke riƙe da jama'a: ku yi sabuwa, ku matsar da VM biyar, ku ga yadda rumbun ya ɗauka, sannan ku ƙara. Ku rubuta ma'anar kowace ƙa'ida da kalmomi na yau da kullum a wajen manhajar, don ranar da za a sauya kamfani. Shugabanni kuma, sararin nan da kuke gani fanko yana cikin kuɗin kariyar da kuka ce kuna so, ku bar shi. Kuma aƙalla sau ɗaya a shekara, a lokacin da aka tsara, ku sa a kashe saba ɗaya da gangan, a kuma dawo da VM guda daga ajiyar ko-ta-kwana, kuna tsaye kuna kallo.